Alƙalami mai shan tawada: da wanne sabon shiga zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Zariya. Biro yana gajiyar da yatsuna in na daɗe ina rubuta darasi. Ina so in gwada alƙalami mai shan tawada, amma ba na son zuba kuɗi da yawa. Mai araha yana aiki kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. An ce araha ba ta ado, amma a wannan fanni mai araha yana rubutu lafiya lau. Abin da ke gajiyar da kai a biro dannawa ce, don tawadarsa mai kauri ce, sai ƙwallon bakinsa ya juya take fita. Wannan kuwa tawadarsa ruwa-ruwa ce, tana bin tsagar bakin ƙarfen da kanta, da ya taɓa takarda ta sauka.

Mu dai Platinum Preppy, ɗan Japan, muke fifita wa sabon shiga, saboda murfinsa yana da wani ƙaramin murfi a ciki mai toshe iska don kada tawada ta bushe, abin da za ka ga amfaninsa lokacin hunturu. Pilot Kakuno ma yana da kyau. Jinhao na ƙasar Sin sun fi sauƙin kuɗi, sai dai ba duka ke fitowa daidai ba, don haka ka gwada kafin ka biya. Ka zaɓi baki mai alamar F, wato siriri, domin takardar littafin makaranta tana shan tawada, baki mai kauri sai rubutun ya baje ya ɓullo ta baya. Ka kuma sani F na Japan ya fi F na Turai siranta.

Hanyar ɗura tawada biyu ce. Akwai kwanson roba da ke zuwa cike, wanda masu shago ke kira katirij: ka tura shi cikin mariƙin, wato ɓangaren da yatsu ke riƙewa, har ka ji ya huje, ka tsayar da alƙalamin baki ƙasa na minti 3 zuwa 5. Matsalarsa ita ce Pilot, Platinum da Lamy kowa da irin nasa kwanson, na wani ba ya shiga na wani, in ya ƙare sai ka yi ta yawon nema. Shi ya sa muke cewa ka haɗa da ɗan famfon zuƙo tawada na kamfanin alƙalamin, wanda ake sawa a gurbin kwanson, da kwalbar tawada ɗaya. Ka murɗa famfon ya sauka ƙasa, ka tsoma bakin gaba ɗaya har tawada ta taɓa gefen mariƙi, sannan ka murɗo sama a hankali. In ka ga rabi iska ce, ka mayar ka sake. Daga nan ka ɗigo da ɗigo 2 ko 3 cikin kwalba, ka goge bakin da tsumma.

Tambaya: Ina da tawadar allo da nake haɗawa da kaina a Maraɗi. Zan iya zuba ta a ciki?

Amsa: Kada ka zuba, Alaramma. Tawadar allo da gawayi ko kunkunniya da ƙaro ake yin ta, ta dace da alƙalamin kara da ake tsomawa ana gogewa. A ƙarƙashin bakin ƙarfen nan akwai wata baƙar roba mai 'yan magudanai sirara kamar gashi. Ƙaro ya bushe a ciki, garin gawayi ya daskare, alƙalamin ya toshe. Haka tawadar hatimi da ta masu zane. Ka nemi wadda aka yi don irin wannan alƙalami, kamar Parker Quink ko Pelikan 4001. Sai dai yawancinsu ruwa yana wanke su, saboda haka takardar filaye ko ta bashi a rubuta da biro.

Tambaya: Na sayi sabo, amma yana tsallake haruffa, wani lokaci yana kartar takarda, jiya kuma ya yi mini aman tawada a jaka. Ko na sayi na banza ne? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Da wuya, 'yar'uwa. Abu uku ne daban-daban.

Tsallake a sabon alƙalami yawanci maiƙon masana'anta ne ya rage a magudanar. Ki zuba ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa a kofin ruwa, ki zuƙa da famfon alƙalamin ki fitar kamar sau 10, ki ɗauraye da ruwa zalla har kumfa ta ƙare, ki bar shi ya kwana ya bushe. Ban da ruwan zafi, ban da sifirit, suna lalata robar. Ki kuma duba riƙonki: fuskar bakin mai rubutu a jiki ta kalli sama, alƙalamin ya kwanta kamar digiri 45, kada ki juya shi a yatsa kamar biro. In gefe ɗaya ne kawai ke taɓa takarda, tawada ba ta sauka.

Karta kuwa daga haƙoran bakin nan biyu take, wato gefe biyu na tsagar bakin ƙarfen. Ki ɗauki hotonsu da waya ki ƙara girma. In ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tashi, ki danna shi ƙasa da farce kaɗan-kaɗan kina gwadawa. Dannawa da ƙarfi wajen rubutu ce ke jawo wannan, kuma shi ya sa ba a ba wa wanda ya saba da biro aro sai an nuna masa.

Aman kuma zafi ne. In tawada ta yi ƙasa, iskar da ke cikin kwanson tana kumbura a rana ko cikin mota, ta turo tawadar waje. Ki riƙa ajiye shi baki sama, kada ki bar tawadar ta sauka ƙasa da rabi lokacin bazara. Ki wanke shi da ruwa sau ɗaya a wata, da duk lokacin da za ki canza launi, in kuma za ki yi hutu mai tsawo ki juye tawadar ki ajiye shi a bushe.