Amsa ga sabon lauyan da ke son ƙwarewa a shari'ar zaɓe

Wa alaikumus salam Barista, Allah ya sanya albarka a rigar da ka saka. Ka ce ka gama makarantar horas da lauyoyi, kana neman ta inda za ka kama a harkar ƙararrakin zaɓe da ƙarar hukumomin gwamnati a Najeriya.

Fara da haddace sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, don a wannan fage lokaci kan kashe ƙara tun alƙali bai saurare ta ba. Kwana 21 gare ka bayan bayyana sakamako ka shigar da ƙorafi. Kotun zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Rigimar kafin zaɓe, irin ta fidda gwani, kwana 14 ne kacal daga ranar da abin ya faru. Babu kotun da za ta ƙara maka ko yini guda. Akwai kuma wani tarko da ke cin sababbi: bayan an gama musayar amsoshi, mai ƙara yana da kwana 7 ya nemi a sa zaman share fage. In ya yi sakaci, sai a ce ya yi watsi da ƙararsa, a kore ta.

Sai hujja, kuma nan ne aikin yake. Doka tana ɗaukar sakamakon hukumar zaɓe ta INEC a matsayin daidai har sai ka rushe shi, rumfa bayan rumfa. Ka san takardun sakamakon zaɓe kamar sunanka: EC8A ta rumfa, EC8B ta mazaɓa, EC8C ta ƙaramar hukuma, EC8D ta jiha. Ka nemi kwafin da hukumar ta tabbatar da hatiminta tun a makon farko, domin ba a cika samunsa da wuri ba. A shari'ar gwamnan Osun, Kotun Ƙoli ta ce a 2023 mai zargin aringizon ƙuri'u sai ya kawo rajistar masu zaɓe da bayanan na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe da EC8A. Kada ka jibge wa kotu buhunan takardu ka koma ka zauna. Kowace takarda sai an ɗaura ta a kan zargin da take tabbatarwa. Shaidan da ya fi amfani shi ne wakilin jam'iyya da ya tsaya a rumfar. Shugaban jam'iyya na jiha da zai ba da labarin rumfa ɗari, ji-ta-ji-ta kawai ya kawo. Kuma rubutaccen bayanin rantsuwar kowane shaida ya shiga tare da ƙorafin, har wanda za a kira da sammaci. A kan haka aka zubar da shaidu da dama a shari'ar shugaban ƙasa ta 2023. Shi ya sa lauyan kirki yake horar da wakilan rumfa tun kafin ranar zaɓe.

Ka iya bambance rigimar cikin jam'iyya da ta ranar zaɓe. A Zamfara, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC gaba ɗaya a 2019 saboda ba a yi sahihin fidda gwani ba. A Filato kuwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsige 'yan majalisar PDP a 2023 kan batun tsayar da 'yan takara. Da shari'ar gwamna ta isa Kotun Ƙoli a Janairun 2024, sai ta ce wannan ba hurumin kotun zaɓe ba ne. Gwamna ya tsira, su ko 'yan majalisa ba su da inda za su, don tasu shari'ar a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa.

Shawarata, ka shiga ofishin babban lauyan da ke wannan aiki, ka yarda a ba ka lissafin ƙuri'u da jera takardu, aikin da kowa ke gudu alhali a nan ake koyo. Sa hannu da sunanka, ba da sunan ofis ba, ka manna hatimin ƙungiyar lauyoyi.

Zaɓe kaka ne da shi, saboda haka tsakanin kaka da kaka ka riƙe ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam da ta ƙalubalantar matakan hukuma. A ƙarar ƙalubalantar matakan hukuma ma ka duba abu biyu kafin ka ɗauki alƙalami: wa'adin wata 3 da dokar kare jami'an gwamnati ta gindaya, da ko dokar da ta kafa hukumar ta wajabta a ba ta sanarwa kafin a maka ta kotu.