Baƙin Tabo a Haɓar Kyanwa

Tambaya: Likita, haɓar kyanwata ta yi baƙi-baƙi kamar an barbaɗa mata garin gawayi, yanzu har ƙuraje sun fito. Mene ne wannan? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Hajiya, ba datti ba ne. Ƙofofin gashin haɓar ne suka toshe da maiƙo da matacciyar fata, in ƙwayoyin cuta suka shiga sai wurin ya kumbura ya yi mugunya.

Fara duba kwanon cin abincinta. Kwanon roba yana karcewa, ƙwayoyin cuta su ɓuya a cikin karcen, kullum tana goga haɓa a wurin. Canja mata na silba ko tangaran, ki riƙa wanke shi kowace rana. Sannan ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ki dafa mata a haɓa na minti 5, safe da yamma.

Don Allah kada ki matse ƙurajen, matsi yana tura cutar ciki. Kada ki shafa mata Dettol ko man ƙurajen mutane, tana lashewa, kuma guba ne gare ta. Haka ma farasitamol, yana iya kashe kyanwa.

In akwai jini, mugunya, ko gashi na zubewa, ki kai ta wurin likitan dabbobi, domin makero ma yakan yi kama da wannan.