Mai gangar bai yi kuskure ba

Tambaya: Malam, kwanakin baya na ci karo da wani dogon kiɗan Turawa a YouTube, an rubuta Carl Nielsen, simfoni na biyar (wato dogon kiɗan da babbar ƙungiyar makaɗa ke yi). Ana cikin tafiya lami lafiya, sai wani mai ƙaramar ganga ya shiga buga abin da ya ga dama, kamar yana neman ɓata wa sauran aiki. Kuskure ya yi, ko haka aka tsara? Kuma wane ne mai kiɗan?

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka bai yaudare ka ba, amma mai gangar ba shi da laifi. Aikin da aka sa shi ke nan. A takardar kiɗan an umarce shi ya bi nasa saurin, ya buga kamar wanda ya rantse sai ya tsayar da sauran makaɗa. Su kuma su ci gaba da nasu har su rinjaye shi. Ba kai kaɗai abin ya ɗaure wa kai ba: da aka yi kiɗan a Stockholm, babban birnin Sweden, a 1924, wasu 'yan kallo tashi suka yi suka fice.

Wannan ganga ba baƙuwa ba ce a wurin Nielsen, wanda ya tsara kiɗan. An haife shi ranar 9 ga Yuni 1865 a wani ƙauye kusa da Nørre Lyndelse, a tsibirin Fyn na ƙasar Denmak, shi ne na bakwai cikin 'ya'ya 12. Gidan talakawa ne sosai. Mahaifinsa fentin gidaje yake yi, idan kuma ana biki ya ɗauki goge irin na Turawa ya je ya yi wa mutane kiɗan rawa. Yaron ya yi kiwon dinya, ya bi uban wurin bukukuwa yana taya shi. Aka kai shi koyon tsaron kanti, kantin ya karye. Sai a 1879, yana ɗan shekara 14, ya shiga badujalar soja a garin Odense yana busa bigila. To wanda ya girma yana jin gangar fareti safe da yamma ya san yadda take danne duk wata murya.

Daga barikin ya tafi makarantar kiɗa ta Kofenhagen, babban birnin ƙasar, 1884 zuwa 1886. A 1889 ya samu aiki a ƙungiyar makaɗa ta gidan sarauta, inda ya yi shekara 16 yana jan goge a sahu na biyu. Ni a ganina nan ce ainihin makarantarsa: kullum yana zaune a tsakiyar makaɗa, yana jin abin da kowane kayan busa da na tsirkiya yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa. A 1891 ya auri Anne Marie Brodersen, mai sassaƙa, suka haifi 'ya'ya uku.

Simfoni shida ya rubuta. Na huɗu, wanda aka fara ji a 1916 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙarshensa ya ajiye masu manyan tambura biyu nesa da juna suna musayar duka. Na biyar, wanda ka ji, shi da kansa ya jagoranci makaɗa aka fara yin sa a Kofenhagen a Janairun 1922, kuma kashi biyu ya yi shi maimakon huɗun da aka saba. Mutane da yawa suna jin yaƙi a cikinsa. Ban ce ba su da gaskiya ba, sai dai Denmak ba ta shiga yaƙin ba, kuma a waɗannan shekarun aurensa ma ya yi tsami har suka rabu, kafin su daidaita a 1922. Shi kuwa bai sa wa wannan simfonin suna ba.

Abin da na fi so ka sani shi ne, 'yan ƙasarsa da dama ba ta wannan hanyar suka san shi ba. Ya ɗora wa waƙoƙi masu yawa kari mai sauƙi, irin wanda ake rerawa a makaranta da wurin taro, har yau kuma ana rera su. Hotonsa ma ya taɓa hawa takardar kuɗinsu ta krone 100. Ya rasu ranar 3 ga Oktoba 1931 da ciwon zuciya. A waje kuwa sunansa bai bazu sosai ba sai bayan Leonard Bernstein, jagoran makaɗa ɗan Amurka, ya naɗi wannan simfoni na biyar ɗin a New York a 1962.

Idan ka koma saurare, ka daure har ƙarshen kashi na farko. Bayan rigimar ta lafa, za ka ji mai busa kilarinet shi kaɗai yana busa a hankali, gangar kuma tana can nesa tana ja da baya har ta ɓace.