Iska ta yaye kwanon ɗakina, yaya zan ɗaura tampol?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya a Agege. Ruwan daren jiya ya zo da iska, ta yaye fallen kwano biyu a saman ɗakina. Mai gida ya ce sai ƙarshen wata zai turo kafinta. Na sayi tampol, maƙwabta sun ce in shimfiɗa in danne da bulo da tsofaffin tayoyi. Hakan ya isa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Malam. Gaskiya bai isa ba. Iskar damina a Legas ta ƙarƙashi take shiga, ta kumbura tampol ta watsar da bulon, kuma ƙasa akwai yara. Taya kuwa ruwa take tarawa, gidan sauro ke nan.

Inda aka fi kuskure shi ne a rufe ramin kaɗai. Ruwa daga sama yake gangarowa, sai ya bi ƙarƙashin tampol ɗin ya zuba cikin silin kamar ba a yi komai ba. Dole bakinsa na sama ya haye doron rufin ya sauka ɗaya ɓangaren da kamar mita 1, sauran gefunan ma su wuce ɓarnar da mita 1. In bai kai ba, ƙaro wani, na sama ya hau kan na ƙasa.

Nemi katako tu-bai-tu, wato mai kaurin inci biyu ta kowane gefe. Naɗe bakin tampol a jikinsa sau biyu ko uku, ka ja ya miƙe sosai, sannan ka buga ƙusa ta cikin katakon har ta kama icen da ke ƙarƙashin kwano. Layin tsofaffin ƙusoshi zai nuna maka inda icen yake. Kada ka buga ƙusa a tampol tsirara, nan take zai fara yagewa. Kafin ka shimfiɗa, lanƙwasa bakin kwanon da ya tashi, kaifinsa kamar wuƙa.

Ka jira rufi ya bushe, wani ya riƙe maka tsani, ka taka layin ƙusa kawai, ka kula da wayar wuta. In rufin na asbesto ne, irin na tsofaffin gidaje, kar ma ka hau, burmawa yake; kira kafinta.

Rana tana cin tampol, kada ka dogara da shi fiye da wata biyu zuwa uku. In an samu lafawar ruwa a Agusta, a buga kwanon kafin ruwan Satumba. Ɗauki hoton ɓarnar tun yanzu, ka adana rasit, mai gida ya cire maka a kuɗin haya in kun daidaita.