Yadda ingancin siginal ke shafar dabarar cakuɗa fakitocin bayanai

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa dabarar cakuɗa fakitocin bayanai (wato ƙananan gutsattsarin da ake raba saƙo zuwa gare su kafin a aika), wadda masanin lissafi Ahlswede da abokan aikinsa suka gabatar a 2000, ba ta ƙara sauri a kowane wuri ba. Ka ɗauka wayoyi biyu, ɗaya a unguwar Mabera ɗaya a unguwar Arkilla a Sakkwato, suna musayar saƙo ta wata na'ura a tsakiya: idan na'urar ta cakuɗa saƙonnin ta watsa su lokaci guda, aikawa huɗu (biyu zuwa na'urar, biyu daga gare ta) ta koma uku, sannan kowace waya ta yi amfani da saƙonta wajen warware na ɗayar. Sai dai dole ta watsa da saurin da mafi raunin siginal zai iya ɗauka, kuma idan katanga ko nisa suka sa fakiti ya ɓace, warwarewar takan jinkirta. Shawarata ita ce ka fara auna yawan fakitocin da ke ɓacewa kafin ka dogara da dabarar.