Tambayi Likita: wai tsiro ma yana da garkuwar jiki?

Tambaya: Likita barka da aiki, yarona ne ya ce an koya musu tsiro ma yana da garkuwar jiki, ni dai ban yarda ba, abin da ko jini ba shi da shi?

Amsa: Hajiya yaronki ya fi ki gaskiya fa. Tsiro ba shi da fararen ƙwayoyin jini masu sintiri irin namu, saboda haka kowace ƙwayar halitta ta jikinsa ita ke gadin kanta. Bakteriya da yawa suna da wata 'yar jela da suke iyo da ita, an gina ta da furotin flajelin, to a fatar ƙwayar tsiron akwai wani mai gadi FLS2 da ke gane ɗan guntun furotin ɗin nan, amino asid (tubalan ginin furotin) 22 kacal. A 2000 aka gano FLS2, a ɗakin binciken Thomas Boller da ke Basel ta ƙasar Suwizalan. Yana cafke guntun sai ya manne da abokin aikinsa BAK1, sinadarin kalsiyam ya kwararo cikin ƙwayar, saƙo ya yi ta wucewa daga wannan furotin zuwa wancan har ya kai ga DNA, kafin awa ɗaya an kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado na kariya, ƙofofin numfashin ganye su rufe, daga baya bangon ƙwaya ya ƙara kauri. Mu ma fa muna da namu mai gane flajelin, TLR5 sunansa.

Tambaya: To Likita in na dage da cin ganye zan samu irin garkuwar tasu kenan?

Amsa: A'a malam, FLS2 furotin ne, ciki zai narkar da shi kamar sauran abinci. Ka ci ganye don bitamin da harza, amma duk mai tallar magani da sunan zai zuba maka garkuwar tsiro, kuɗinka yake so.

Tambaya: Ganye mai ɗigo-ɗigon baƙi fa, cutar za ta iya kama mutum?

Amsa: Da wuya 'yar uwa, bakteriya irin su Pseudomonas syringae masu jawo ɗigon, tsiro suka ƙware a kai, wani ɗigon ma tsiron ne da kansa ya kashe ƙwayoyin jikinsa da ke wurin don ya tsare cutar kar ta yaɗu. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ido ba ya gani, bakteriya irin su Salmonella da E. coli da ke biyo ruwa mai datti ko takin kashi su maƙale a ganye mai kyau sumul. Ki yar da wanda ya ruɓe ko ya yi fumfuna, sauran ki wanke sosai da ruwa mai tsafta, in kuwa akwai mai ciki ko tsoho a gida gara a dafa.