Kyautar godiya ta waya ga wanda ya koya maka aiki, in mai son abinci ne

Tambaya daga wata mai karatu a unguwar Yantala, Yamai: "Na gama staj, wato koyon aiki, na wata shida a wani buro. Hajiyar da ta koya mini aiki ta riƙe ni kamar ƴarta, kuma mace ce mai son abinci mai daɗi, kullum hirarta girki. An mayar da ita Tawa kafin in samu in gode mata. Ina da jaka goma sha biyar. In tura mata ta waya, ko akwai abin da ya fi?"

Ƴar'uwa, kada ki tura mata kuɗin tsura. Idan ƙarami ya aika wa babba kuɗi ba tare da ya zo da ƙafarsa ba, babban yakan ji kamar an biya shi ladan aiki, ko an ɗauke shi mabukaci. Wata Hajiyar ma mayar miki za ta yi, ta ƙara da faɗa. Ko ta karɓa, kuɗin zai shige cikin cefanen gida, bayan kwana biyu ba wanda zai tuna. Wayar ta zama hanyar biya kawai, abin da zai isa hannunta kuwa abinci ne.

Ki fara da neman mutum ɗaya a Tawa da ya san gidanta, abokiyar aikinta ko direban buronsu. Abu uku za ki tambaya: wurin wa take sayen nama ko kifi, mutum nawa ne a gidan, kuma akwai abin da likita ya hana ta? Wannan na ukun shi mutane suka fi mantawa. Mai hawan jini ba a yi mata kyautar kilishi mai gishiri da yawa, mai ciwon suga ba a cika mata gida da dabino da cincin. In kika aika abin da ba ta ci, yara ne za su cinye, godiyarki ta tafi wani wuri.

Da kin samu lambar mai sayarwar, ki kira shi da murya, kada ki tsaya kan rubutu. Ku yi ciniki a kan abu takamaimai: kaza nawa, gasassa ko soyayya, ranar kaza, ƙarfe kaza, a kai gida kaza. Kalmar "ka ba ta na jaka goma" ita ke kawo matsala, domin ba ki da abin da za ki riƙe shi da shi in ya rage. Bayan kun gama magana ki rubuta masa duk abin da kuka shirya a WhatsApp, ya amsa da "to". Daga nan ki tura rabin kuɗin ta Airtel Money, ko Moov Money, ko Nita, ko Amana, duk wanda shi yake karɓa, ki duba sunan da ya fito kafin ki sa lambar sirrinki. Sauran rabin sai kaya sun isa. Ki ɗora kuɗin cirewa a kanki, ki kuma biya ɗan kabu-kabun da zai kai, don kada ya tsaya a ƙofar Hajiya yana jiran ta sallame shi. Kyautar da mai karɓa ya cika wa kuɗi ta rage daraja.

A jaka goma sha biyar ɗinki, mu da za mu raba haka: goma sha biyu ga abincin, ɗaya ga mai kaiwa da kuɗin cirewa, biyu ki ajiye saboda farashi yakan motsa tsakanin ranar ciniki da ranar kaiwa. Kuma tunda tana Tawa yanzu, ki tuna cuku da albasar Galmi da kilishin Madawa duk na ƙasar da take zaune ne, ba za su zame mata baƙo ba. Abin da zai fi taɓa ta shi ne wanda ta bari a Yamai, kamar kayan yajin matar da ta saba saya wurinta. Irin wannan busasshen kaya yana jure tafiyar mota ta Doso da Dogondutsi da Ƙonni har Tawa. Ki sa a kwali, ki rubuta suna da lambar mai karɓa a jiki, ki ɗauki hoton takardar da aka ba ki a tasha ki tura wa wanda zai je karɓa.

Ranar da kaya za su isa, ki kira ta da safe. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki faɗi abu ɗaya da ta koya miki wanda kike amfani da shi yanzu, sannan ki ce, "Hajiya, akwai ɗan saƙo da zai iso, ba yawa, a yi haƙuri." In ba ki kira ba, baƙon yaro da leda a ƙofar gida yana iya komawa da kayansa, don ba kowa ke karɓar abincin da bai san mafarinsa ba.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Bukoki: "Yayana da ke Faransa ya ce in saya wa maigidana katin kyauta na Amazon, ko in biya masa darasin girki na intanet. Ya dace?"

Ɗan'uwa, shawarar ta dace da inda yayanka yake zaune. Katin Amazon yana aiki ne kawai a shagon ƙasar da aka saye shi: na Faransa ba ya aiki a na Amurka. Ko maigidanka ya yi nasarar shigar da katin, sai ya nemi wanda zai karɓar masa kayan can ya auno su nan, kuɗin aunowar kuma yana iya fin kayan. Katin manhajojin kai abinci irin su Uber Eats kuwa ba shi da amfani ko kaɗan, ba sa aiki a Nijar.

Darasin girki ya fi dama-dama, amma da sharaɗi. Na farko, maigidan naka yana shiga kicin da kansa, ko dai gwanin ci ne? Da yawan dattawanmu masu sanin daɗin abinci ba su taɓa hura wuta ba. Na biyu, harshe: yawancin darussan da Faransanci ko Ingilishi suke, kayan haɗin kuma ba lalle a same su a Babbar Kasuwa ko Katako ba. Na uku, kuɗi. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, don haka darasin yuro 30 zai ci maka kusan sefa dubu 19 da 700, ban da abin da banki ke cirewa a katin Visa. Ka karanta da kyau ko biya ɗaya ne ko na wata-wata mai sabunta kansa. In na wata-wata ne, ka kashe sabuntawar tun ranar farko, in ba haka ba za a yi ta jan kuɗi daga katinka. Bidiyo kuma yana shan mega sosai, sai ka haɗa masa da forfe na wata guda.

Wani abin lura: dattijo in ya ga saƙo da mahaɗi a wayarsa ana cewa "ka samu kyauta, danna nan", share shi zai yi, kuma ya yi daidai, don haka ƴan damfara ke shigowa. In ka zaɓi wannan hanya, ka je ka zauna da shi ka buɗe masa da hannunka.

Mu dai a ganinmu, da kuɗin nan gara ka je gidan abincin da yake so a Yamai, ka biya cin mutum biyu ko uku, a ba ka resi mai hatimi da sunansa da ranar da zai ƙare, ka tura masa hoton. Ka tabbatar mai gidan abincin da kansa ya sani, ba yaron kanta kaɗai ba, saboda ma'aikata suna canzawa. Ka tambaya ko abin sha yana ciki.

Tambaya daga Tawa: "Ina so in aika wa malamina na aiki da ke Yamai kilishin Madawa, na ga masu talla a Facebook. Yaya zan gane na kirki?"

Hoto ba shaida ba ne. Ka fara da odar jaka biyu zuwa gare ka, ka ɗanɗana, sannan ka yi babbar. Ka nemi bidiyon kayan na ranar, da sunanka a rubuce a takarda kusa da su. Ka tambayi irin da malamin yake so: ja mai tunkuza da yaji, ko fari, ko rumuzu wanda kayan haɗinsa kaɗan ne, shi ya fi sauƙi ga wanda cikinsa ba ya son yaji. A naɗe a takarda bayan ya huce sarai. Kilishin da aka ɗaure a leda da ɗuminsa yana yin gumi, a damina kuma kwana kaɗan zai yi fumfuna. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, man jikinsa yana saurin canza wari, don haka a ba motar safe, a karɓa ranar.

Tambaya ta ƙarshe, daga Talaje: "Shugabana bai sa hannu a takardar shaidar staj ɗina ba tukuna. In aika yanzu?"

A'a. Ka jira ya sa hannu, takardar ta shigo hannunka, a ɗan kwana biyu. Kyautar da ta riga sa hannu tana kama da toshiyar baki ko da zuciyarka fara ce, kuma shi za ka jefa cikin zargi a gaban abokan aikinsa. In ma'aikacin gwamnati ne, ka rage girmanta, ko ku haɗu ku ƴan staj duka ku yi karo-karo, mutum ɗaya ya tara kuɗin a lambarsa ya rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. Sai a kawo abincin buro da rana, a ci tare da shi a gaban kowa.